Ƙwai huɗu sun rage a firiza: a ajiye, a zubar, ko a ba masu bincike?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema kuma ina roƙo kar a maida abin wasa. Yayata ce, suna zaune a Ingila ita da mijinta, shekara tara da aure shiru ba haihuwa, sai suka yi dashen nan na asibiti wanda ake ɗibar ƙwan mace da maniyyin mijinta a haɗa a waje sannan a mayar cikin mahaifa. Allah ya dube su ta samu tagwaye, yanzu har sun shiga makaranta. To ashe ba biyu kaɗai aka haɗa ba, akwai guda huɗu da suka rage aka daskarar aka ajiye, duk shekara suna biyan kuɗin ajiya. Ita kuma ta sha wuya a haihuwar tagwayen, likita ya ce mata sake ɗaukar ciki ganganci ne. Yanzu asibitin sun aiko da takarda wai su zaɓa, ko a ci gaba da ajiya, ko a fitar da su su lalace, ko a ba wasu ma'auratan, ko a ba masu binciken magani. Mijin ya ce a ba masu bincike ko wani bawan Allah ya amfana. Ita kuwa jiya ƙarfe ɗayan dare ta kira ni tana kuka wai ji take kamar 'ya'yanta ne huɗu ta bari a cikin sanyi. Hajiyarmu ma ba ta san da zancen ba. Ni dai kaina ya kulle.

Dan_Kawo:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Anti ai wannan ba abin tambaya ba ne, ta ba su su je su yi kwafin mutum da 'ya'yanta? Ba su ne suka yi kwafin tunkiyar nan ba? Gobe ki ga yaro mai kama da tagwayenta yana yawo a wata ƙasa.

Dalibin_Shika:
Dan_Kawo ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Bari in ɗan warware iya abin da na karanta. Idan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, kwana biyar bayan nan yana zama wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba, ƙwayoyi ɗari da wani abu ne a ciki, ba zuciya ba ƙwaƙwalwa ba jini. A tsakiyarsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, za su iya zama tsoka, ko jijiya, ko hanta, ko fata. Su ake kira sitem sel, wato ƙwayoyin tushe. Masu bincike su suke so, domin in aka iya juya su za a iya gyara gaɓar da ta lalace, kamar lakar wanda ya yi hatsari ko sashen jikin da ke samar da insulin ga mai ciwon suga. Wani James Thomson a jami'ar Wisconsin ta Amurka shi ya fara raba na mutum a 1998. Inda rigimar take shi ne in ka ciro su, ƙullutun ya tashi aiki, ba zai taɓa zama jariri ba. Kwafin halitta kuwa wata hanya ce daban.

Dan_Kawo:
To ai ka faɗa da bakinka. Ya tashi aiki. Kisa ke nan da sunan turanci.

Alaramma_TudunWada:
Malam Dan_Kawo a yi hattara da kalmar kisa, tana da hukunci mai nauyi. Hadisin Ibn Mas'ud da duk ɗan Islamiyya ya haddace, na huɗu a Arba'una, ya nuna kwana 40 ɗigon maniyyi, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a busa rai, kwana 120 ke nan. Abin kwana biyar bai kai nan ba. Amma kuma rashin rai bai sa ya zama shara ba, asalin mutum ne, yana da alfarma. Mu nan Malikawa ne, kuma mashhurin mazhaba ya tsananta, ba a yarda a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko kafin kwana 40. Sai dai ku lura, abin da ya zauna a mahaifa aka ce. Na yayarki Hajiya bai taɓa shiga mahaifa ba. Shi ya sa manyan majalisun fiƙihu suka zauna a kansa musamman. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1990 ta ce tun farko kar a haɗa fiye da buƙata, in kuma an samu rara to a bar shi ba tare da kulawar likita ba har ya ƙare da kansa. Ita kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka a 2003 ta halatta a ɗauki ƙwayoyin tushe daga irin wannan rarar in iyayen ne suka bayar, da sharaɗin ba za a dasa wa wata mace ba, ta kuma hana a zubar da ciki da gangan ko a haɗa ƙwai da gangan saboda bincike. Abin da babu saɓani a kansa wajen malamanmu shi ne zaɓi na uku, ba wa wasu ma'aurata, wannan cakuɗa nasaba ne, ta soke shi daga lissafi. Wallahu a'alam.

Maman_Ilham:
Allah gafarta malam na gode. Wannan na ukun dama ko kallonsa ba su yi ba.

Mahauci_Zango:
Ni fa maganar tunkiya ce ta tsaya min. Dalibin_Shika da gaske ne ba rago aka samu tunkiya? Shekara ashirin da biyu ina harkar dabbobi ban taɓa gani ba. In gaskiya ne a kawo mana injin Zango kafin babbar sallah, akwai wani Balami da na sayar bara har yau ina mafarkinsa 😂

Dalibin_Shika:
Hahaha Baba da gaske ne amma ba inji ba ne. Dolly sunanta, an haife ta a watan Yuli 1996 a cibiyar Roslin kusa da Edinbura a Sikotlan, aka sanar wa duniya a Fabrairun 1997. Tumaki uku aka yi aiki da su. An ɗebi ƙwaya daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, aka samo ƙwan wata tunkiyar aka zuƙe cibiyarsa inda bayanan gado suke, aka haɗa su da ɗan wutar lantarki, sannan aka dasa a cikin ta uku ta yi renon cikin. Amma Baba kafin ka sa oda, sau 277 suka gwada guda ɗaya tak ta rayu. Ta haifi 'ya'ya shida, a 2003 ciwon huhu ya kama ta aka kashe ta don a hutar da ita, gawarta na nan a gidan tarihi a Edinbura. A Dubai ma sun yi raƙuma a 2009, Iran ta yi rago a 2006, Sin ta yi birai biyu aka sanar a 2018. Wannan lissafin na 277 ɗin shi ne babban dalilin da ko likitocin da ba ruwansu da addini suke cewa haram a gwada da mutum, mata nawa za su yi ɓari, jarirai nawa za su fito da nakasa kafin a dace.

Mahauci_Zango:
277? A'a na haƙura, gara in je Maigatari in sayo.

Bitrus_Narayi:
Maman_Ilham sannu, Allah ya ba yayarki sauƙin zuciya. Ni ɗan Katolika ne kuma a wajenmu maganar a rufe take, rai yana farawa ne daga lokacin da ƙwai da maniyyi suka haɗu, ba kwana 40 ba 120. Fadar Paparoma ta fitar da takarda a kan haka a 1987 ta sake fitarwa a 2008, ita ko dashen kansa ba ta yarda da shi ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne irin wannan halin da yayarki ta shiga. Ba wai ina ɗora mata laifi ba ne, wanda bai ɗanɗana rashin haihuwa ba bai san zafin gorin dangin miji ba. Amma ga tambayata ga Dalibin_Shika, kai ma ba haka ka fara ba? Tagwayen nan da ke zuwa makaranta a cikin su shidan aka zaɓo su, da hannun likita ya faɗa kan wasu biyun da su ne a firiza yau. To me ya raba su in ba sa'a ba?

Dalibin_Shika:
Oga Bitrus tambayarka tana da nauyi ba zan raina ta ba. Amma ko a cikin mace da yawa daga cikin ƙwan da suka haɗu ba sa kama mahaifa, suna fita da jinin al'ada ba wanda ya sani, ba a yi musu zaman makoki. Kuma har wajen kwana 14 ƙullutun zai iya rabewa biyu ya zama tagwaye, to mutum ɗaya ne ko biyu kafin nan? Dalilin da ya sa ke nan dokar Ingila ta 1990 ta ce ba a wuce kwana 14 ana bincike a kansa.

Bitrus_Narayi:
Wanda ya fita da kansa ikon Allah ne, wanda ka sa hannu ka farke kai ne. Kwana 14 kuma kwamiti ne ya zauna ya yanke, gobe wani kwamitin zai iya cewa 28.

Ummu_Sadiq:
Tun ɗazu nake karantawa ina ta share hawaye. Ku da kuke ta lissafin kwanaki ku zo ku kwana ɗaya a ɗakina. Sadiq shekararsa goma sha ɗaya, sikila ne. Watan jiya da sanyin nan ciwon ya tashi ƙarfe biyun dare, yana riƙe da gwiwarsa yana cewa Umma ki cire min ƙafar, ki cire ta kawai. Babansa ba ya gari, na goya shi, yaro ɗan shekara sha ɗaya a bayana, na fito titi Rigasa ba Keke ko ɗaya sai wani mai shayi ne ya tada ƙaninsa ya kai mu a mashin. Mun je asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa a nemo leda biyu, na dinga kiran mutane har wayata ta mutu. Wallahi tallahi in aka ce min akwai wani abu a firiza da ba ya ji ba ya gani ba ya kuka wanda zai sa yaron nan ya daina cewa a cire masa ƙafa, ba zan tsaya tambayar kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya yafe min in na yi saɓo.

Yar_Malali:
Ummu_Sadiq Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne wlh.

Nas_Barnawa:
Ummu_Sadiq 'yar uwa sannu, ina ganin irinku kullum a wajen aiki. Amma bari in gyara wani abu don kar a ruɗe. Maganin da ke warkar da sikila yau ba daga ɗan tayi ake samunsa ba, dashen ɓargo ne, shi ma ƙwayoyin tushe ne amma na jini, daga jikin ɗan uwa da jininsu ya dace, kuma mai bayarwa yana tashi ya koma gida lafiya lau. An fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Akwai su kuma a jinin cibiya, wannan mabiyiyar da muke wankewa mu binne a bayan ɗaki. Ba malami ko fasto da ke faɗa da wannan. Sabon maganin nan Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ma ƙwayoyin majinyacin ake cirowa a gyara a mayar masa, sai dai kuɗinsa dala miliyan 2.2. Mu da muka fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, wa zai iya?

Ummu_Sadiq:
Na sani Anti Nas, an gwada ƙannensa biyu ba wanda ya dace. Wani likita ya ce mana akwai hanyar da za a yi mana dashe irin na yayar Maman_Ilham, a haɗa da yawa a duba wanda ba sikila ba kuma ya dace da Sadiq a dasa min shi, in na haihu a ɗebi jinin cibiyarsa. Na ce sauran fa? Ya yi shiru. Kin ga ni ma firizar ce ke jirana in da ina da kuɗin.

Alaramma_TudunWada:
Malama Ummu_Sadiq ba ki yi saɓo ba, uwa ce ke. Allah ya ba yaro lafiya.

Injiniya_Mando:
Ni abin da ke ba ni mamaki har yanzu ana faɗa a kan abin da aka riga aka samo masa mafita. Wani Bajapane Shinya Yamanaka a 2006 ya nuna za a iya ɗaukar ƙwayar fata a maida ta baya ta koma kamar ta ɗan tayi, ya fara da ɓera, 2007 ya yi da ta mutum, 2012 aka ba shi kyautar Nobel. To tunda ga hanya ba ƙaya me ya sa za a bi ta ƙaya?

Dalibin_Shika:
Injiniya ya rage rigimar sosai gaskiya ne, amma bai kashe ta ba. Shi kansa ta ina ya san sinadaran da zai sa? Daga nazarin ƙwayoyin ɗan tayi. Kuma har yau da su ake auna na fatar a ga ko sun yi daidai, kamar yadda mai awo ke ajiye mudu na asali.

Lauya_UnguwarRimi:
Tunda an taɓo doka. Mutane da yawa ba su san Najeriya na da doka a kan wannan ba, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 wadda Jonathan ya sa wa hannu, sashe na 50 ya hana kwafin mutum ya kuma hana shigo da ɗan tayi ko fita da shi daga ƙasar, hukuncin ɗauri ne. Saboda haka Maman_Ilham ko da wani ya ba ku shawarar a ɗauko su a kawo gida, a yi hankali. Siyasar abin kuwa Amurka ce ta fi kowa shan ta. Bush a Agustan 2001 ya ce kuɗin gwamnatin tarayya ba za su shiga sabon bincike da ɗan tayi ba sai dai ƙwayoyin da aka riga aka ciro, majalisa ta kawo ƙudirin sassautawa ya hau kujerar na ƙi a 2006 da 2007, jihar Kaliforniya ta ce ita za ta zuba nata dala biliyan 3, Obama ya zo 2009 ya ɗage takunkumin. Ka ga ƙullutu ɗaya, hukuncinsa na canzawa da zaɓe. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2005 sanarwa kawai ta iya fitarwa wadda ba ta ɗaure kowa ba, ƙasashe 84 suka goyi baya 34 suka ƙi 37 suka yi rowar ƙuri'a, don an kasa jituwa kan ko hanin ya haɗa da kwafin da ake yi don magani.

Dan_Kawo:
Barista duk wannan dokar a takarda ce. Mu 'yan Arewa ba a ba mu labari ba, 1996 a Kano lokacin sanƙarau aka yi gwajin maganin Trovan da yara 200, wajen rabinsu aka ba shi, sai da aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Su ɗauki ƙwan 'yar Kaduna kyauta su yi magani su sayar dala miliyan biyu, Sadiq na Rigasa ko ƙamshinsa ba zai ji ba. Wa aka yi wa aiki?

Nas_Barnawa:
A nan kam ban musa maka ba Dan_Kawo. Amma ka tuna wannan tsoron ne ya sa aka tsayar da rigakafin shan inna a 2003, kuma yaranmu ne suka shanye ba na Turawa ba.

Lauya_UnguwarRimi:
Kuma ba Bature kaɗai ke cuta ba. Wani mai bincike Hwang na Koriya ta Kudu a 2004 da 2005 ya ce ya yi kwafin ɗan tayin mutum ya ciro ƙwayoyin tushe, ƙasarsu ta ɗauke shi gwarzo, daga baya aka gano ƙarya ce ya shirya, har da ƙwan matan da ke aiki a ƙarƙashinsa aka yi amfani. Ni wannan ɓangaren ya fi damuna, ƙwai ba a tsinto shi a titi, allurai ake yi wa mace na kwanaki sannan a zuƙo, in kasuwarsa ta buɗe 'yan matan talakawa ne za su yi layi.

Yar_Malali:
Dan Allah tunda ana maganar sitem sel, wannan garin da ake sayarwa a 'yan sacet fa? Wata maƙwabciyarmu ta kawo wa Babanmu wai yana maganin suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki duka, a zuba ƙarƙashin harshe safe da yamma, muka haɗa dubu tamanin da biyar muka saya har ya ajiye maganin asibiti, sati uku muka kwashe shi ranga-ranga.

Nas_Barnawa:
Yar_Malali damfara ce. Ƙwaya mai rai ba ta zama a sacet a cikin zafin Kaduna, na asibiti a cikin ruwan naitirojin ake ajiye su, sanyin da ya kai 196 ƙasa da sifiri. Ki karanta bayan kwalin za ki ga tuffa da inabi aka rubuta. Dan Allah kar Baba ya sake ajiye maganinsa.

Baban_Walid:
Ni tambayata ga Alaramma. In aka yi kwafina, yaron ɗana ne ko ƙanina? Zai gaje ni? Matata muharramarsa ce? Kuma in mutum ya rasa ɗa aka yi masa kwafinsa, shi ne ya dawo?

Alaramma_TudunWada:
Malam Baban_Walid irin waɗannan tambayoyin na cikin abin da ya sa majalisar Jidda ta haramta kwafin mutum a 1997, ta bar na dabbobi da tsirrai in akwai maslaha. Wanda ya mutu kuwa ya tafi, ruhi ba a kwafarsa. Kuma mai yin kwafi bai halicci komai ba, ƙwayar Allah ya ɗauka ya sa a ƙwan Allah.

Dalibin_Shika:
Ko a jiki ma ba ya dawowa sak. A Texas a 2001 an yi kwafin kyanwa, uwar mai launi uku ce har da ruwan goro, 'yar ta fito babu ruwan goron ko ɗigo. Hassan da Usaini masu kama ɗaya ma ai kwafin juna ne kuma kowa da halinsa.

Bitrus_Narayi:
Mun dai bar baiwar Allah da tambayarta muna ta zancen kyanwa. Maman_Ilham ni in ƙanwata ce zan ce ta ci gaba da biyan kuɗin ajiyar, kar ta sa hannu a kan abin da zuciyarta ke kira 'ya'ya.

Injiniya_Mando:
Har yaushe Oga Bitrus? Dokar can shekara 55 ce iyaka. Tagwayen za ta bar wa gadon firiza?

Ummu_Sadiq:
Ni dai ban ce ta bayar ba ban ce kar ta bayar ba. Amma in za su lalace ko ta wace hanya, ni na san wadda zan zaɓa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, na tura mata duk abin da kuka rubuta ta karanta har na Baba Mahauci, ta ce shi ne ya fara sa ta dariya a satin nan. Sun yi magana da mijin, ba ta sa hannu ba, sun biya kuɗin shekara ɗaya tukuna, kuma ta ce in sun zo hutu da kanta za ta faɗa wa Hajiya. Ummu_Sadiq ta ce in ba damuwa ki yi min magana ta gefe. Sai dai ta sake jefo wata tambayar, Allah gafarta malam, wai in aka fitar da su daga sanyin za ta iya cewa a ba ta su a hannu? Kuma in an ba ta binnewa ake yi kamar mabiyiya ko yaya?

Alaramma_TudunWada:
Hajiya wannan ba zan amsa da ka ba. Akwai karatu yau bayan Isha'i, zan kai wa malaminmu. Ki tambaye ta a cikin me asibitin ke miƙa su.